Tambayoyin Masu Karatu: Neman Tikiti Mai Sauƙi da Shirin Ziyarar Cape Town

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnati ne a Kano, kuma na daɗe ina tara 'yan kuɗi domin in kai maiɗakina da 'ya'yanmu biyu birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, saboda yaran sun ga hoton dutsen nan mai shimfiɗaɗɗen kai da ke tsaye a bakin teku, sun kuma hana ni sakat. Na so mu tafi a hutun ƙarshen shekara, amma da na je wurin ejan, kuɗin tikitin da ya faɗa mini ya kusa cinye duk abin da na tanada, tun ba a zo maganar masauki ba. Shin akwai hanyar samun tikiti mai sauƙi, kuma daga ina ya fi dacewa mu tashi, Kano ko Abuja ko Legas? Daga wani magidanci a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ejan ɗinka bai cuce ka ba, watan da ka zaɓa ne ya jawo maka wannan farashi. Afirka ta Kudu tana can kudu da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka yanayinta kishiyar namu ne: lokacin da muke fama da hunturu a Disamba da Janairu, su suna tsakiyar lokacin zafi. Makarantunsu suna rufewa a cikin Disamba, ba sa komawa sai tsakiyar Janairu, kamfanonin gine-gine da masana'antu da dama su ma suna tafiya hutu daga tsakiyar Disamba, sai mutanen Johannesburg da Pretoria su kwararo bakin teku, Turawa masu gudun sanyin ƙasashensu su ma su sauko a kan lokaci ɗaya. Jiragen da ke bi ta Adis Ababa da Nairobi da Doha kuwa duk sun cika da masu komawa gida hutu. Neman tikitin Cape Town a tsakiyar Disamba daidai yake da zuwa sayen rago ranar jajiberin Babbar Sallah. Don haka shawarata ta farko, wadda ta fi duk sauran nauyi, ita ce ka sauya wata kafin ka yi tunanin sauya ejan.

Yana da kyau ka san yadda kamfanonin jiragen sama suke sayar da kujeru, domin wanda ya fahimci wannan ba a razana shi da maganar cewa farashi zai tashi nan da awa ɗaya. Kujerun ɓangaren talakawa duk iri ɗaya ne a ido, amma a na'urar kamfani an kasa su rukuni-rukuni, kowane rukuni da harafinsa da farashinsa da sharuɗɗansa. Rukunin da ya fi araha kujerunsa kaɗan ne, kuma yawanci ba a mayar da kuɗinsa, sauya rana ma sai da tara. Idan ya ƙare sai na'ura ta buɗe na sama da shi, a haka har a kai ga mafi tsada. A lokacin da kamfani ya san jirgi zai cika ko ta yaya, ba ya ma buɗe rukunan ƙasa tun farko, kuma abin da ya same ka ke nan. Akwai kuma abin da ya shafi iyali kai tsaye: idan ka nemi kujeru huɗu a lokaci ɗaya alhali biyu ne suka rage a rukunin araha, na'ura takan sa muku duka huɗun a rukunin da ke sama. Ka sa ejan ya fara duba farashin mutum ɗaya, sannan na biyu, sannan na huɗu. In an ga bambanci, ana iya raba sayen gida biyu a jirgi ɗaya, kai da yaro ɗaya, uwargida da ɗayan, muddin kowane yaro yana haɗe da babba a takardarsa.

To, wane wata? Cape Town ta bambanta da sauran Afirka ta Kudu ta fuskar ruwan sama, domin daminarta a lokacin sanyi take, daga Yuni zuwa Agusta. A waɗannan watanni tikiti da masauki suna saukowa sosai, kuma sun zo daidai da dogon hutun makarantunmu, sai dai araha ba ta ado. Sanyi da ruwa da iska sukan haɗu a rana ɗaya, gajimare ya rufe Dutsen Tebur, wato dutsen da yaranka suka gani a hoto, kwana biyu ko uku a jere, sannan motar igiyar da ke ɗaukar mutane zuwa ƙololuwar dutsen akan dakatar da ita na wasu makonni domin gyaran shekara, yawanci tsakanin ƙarshen Yuli da Agusta. Mutumin da ya kwaso yara daga Kano domin su hau wannan dutse bai kamata ya tafi a makonnin ba sai ya duba sanarwar kamfanin motar ya ga ranakun gyaran. Watannin da na fi yarda da su su ne Maris da Afrilu, lokacin da zafi ya ragu, iska ta kwanta, taron jama'a ya watse, sai kuma Satumba zuwa Nuwamba, lokacin da furanni suke buɗewa. Ga mai 'yan makaranta, hutun zango na biyu a Afrilu shi ne ya fi dacewa, amma ka kauce wa makon Ista, domin nan ma farashi yana tashi. Haka kuma a Maris ana yin babbar gasar tseren keke da ke zagaye zirin ƙasar da ya miƙa cikin teku kudu da birnin, wadda ke tara dubban mutane, a Fabrairu kuma akwai taron shekara-shekara na masu haƙar ma'adinai na Afirka. A kwanakin waɗannan biyun otal-otal na tsakiyar gari suna cika.

Maganar inda za ku tashi kuwa, kusan duk hanyoyin sai an yada zango a wani wuri. Hanya ta farko ita ce ta kamfanin Ethiopian Airlines, wanda yake zuwa Kano da Abuja da Legas, ya sauke ku a Adis Ababa, daga can ku hau wani jirginsa kai tsaye zuwa Cape Town, tafiyar kimanin awa shida da rabi. Ta biyu ita ce ku je Legas ku hau jirgin Johannesburg, tafiyar kimanin awa shida, sannan ku ƙarasa da jirgin cikin gida na awa biyu. Akwai kuma hanyar Nairobi ta Kenya Airways daga Legas, da hanyar Doha ta Qatar Airways, wadda ta fi kowacce nisa domin sai an yi gabas sosai kafin a juyo kudu. Farashin da za ka gani daga Legas sau da yawa zai fi na Kano sauƙi, amma kada ka yanke hukunci a kansa shi kaɗai. Ka ɗora masa tikitin mutum huɗu daga Kano zuwa Legas da dawowa, da kwanan otal a Ikeja, tunda ba wanda ya san halin jinkirin jiragenmu na cikin gida zai yarda ya iso Legas a ranar tashinsa, da kuɗin mota tsakanin tashar cikin gida da ta ƙasa da ƙasa, da kuɗin kayan da ya wuce kima, domin jirgin cikin gida ba ya ba da kilo irin na jirgin waje. Idan ka haɗa waɗannan za ka ga sau da yawa tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano ya fi sauƙi, ko kuma bambancin bai kai wahalar jan yara a Legas ba.

Hanyar Johannesburg tana da wani tarko da ya kamata in tsaya a kansa. Kamfanonin cikin gida na Afirka ta Kudu, irin su FlySafair da Lift da Airlink, suna da jirage da yawa a kowace rana tsakanin Johannesburg da Cape Town, kuma gasar da ke tsakaninsu takan sa farashi ya yi ƙasa, shi ya sa mutane suke sha'awar sayen tikiti biyu daban-daban. Matsalar ita ce, tikiti biyu yarjejeniya biyu ce. Idan jirgin Legas ya yi jinkiri har na Cape Town ya tashi ya bar ku, kamfani na biyu ba ruwansa, sai dai ku sayi sabon tikiti a farashin ranar. Idan kuwa tafiyar duka tana kan tikiti ɗaya, nauyin sa ku a jirgi na gaba yana kan kamfani. A Johannesburg ɗin ne kuma za a buga muku hatimin shiga ƙasa, ku karɓi jakunkunanku, ku wuce kwastan, sannan ku sake miƙa su, kuma layin jami'an shige da fice da sassafe yakan yi tsawo. Duk wanda zai raba tikiti ya bar aƙalla awa huɗu tsakanin sauka da tashi. Ka lura kuma cewa farashin farko da kamfanonin araha suke nunawa sau da yawa na mai ƙaramar jakar hannu ne kaɗai, jakar da za a sa a ƙarƙashin jirgi kuɗinta daban, kuma sayenta ta intanet tun kafin ranar tafiya ya fi biyanta a kan tebur sauƙi.

Wajen bincike, ka yi amfani da Google Flights ko Skyscanner, ka buɗe kalandar da ke nuna farashin kowace rana ta wata, domin matsar da tafiya da kwana ɗaya ko biyu, musamman zuwa tsakiyar mako, yakan rage kuɗi fiye da duk wani ciniki da za ka yi da ejan. Ka kunna sanarwar da za ta aiko maka saƙo idan farashi ya motsa, ka kuma fara sa ido tun ana saura wata uku ko huɗu. Bayan ka ga ranar da ta yi maka, sai ka gwada farashinta a shafin kamfanin jirgin kansa, da shafuka irin su Wakanow da Travelstart, da kuma wurin ejan ɗinka. Idan bambancin kaɗan ne, ka saya daga kamfanin ko daga ejan da ka san ofishinsa, saboda ranar da aka soke jirgi za ka so a ce akwai wanda za ka kama. Maganar da ake yaɗawa cewa sayen tikiti da tsakar dare ko ranar Talata yana da wani sirri, ban ɗauke ta da muhimmanci ba. Abin da ke motsa farashi a wurinmu da gaske shi ne canjin dala, domin da dala ake ƙayyade kuɗin tikitin waje sannan a juya shi zuwa naira. Waɗanda suka yi tafiya a 2022 da 2023 ba za su manta ba, lokacin da kuɗin kamfanonin jiragen waje da suka maƙale a Najeriya ya haura dala miliyan 800, kamfanonin suka rufe rukunan araha ga masu saye da naira, tikiti ya zama sai wane da wane. An warware wannan a 2024, amma har yanzu farashin da aka faɗa maka yau yana iya sauyawa gobe ba tare da an sayi ko kujera ɗaya ba.

Saura tsarin abin da za a fara yi da wanda za a bari sai daga baya, kuma a nan ne mutane suka fi yin asara. Mai fasfon Najeriya yana bukatar biza kafin ya shiga Afirka ta Kudu, ana kuma miƙa takardun ta ofishin VFS Global. Za a nemi bayanin asusun banki, da shaidar masauki, da jadawalin tafiya, da katin rigakafin cutar shawara na kowannenku, ga yara kuma a haɗa da takardar haihuwa. Rigakafin ba ya fara aiki a hukumance sai bayan kwana 10 da yin allurar, don haka ba abin da za a bari sai makon tafiya ba ne. Fasfo kuma dole ya kasance da shafuka biyu da ba a buga komai a kansu ba, wa'adinsa kuma ya wuce ranar dawowarku da aƙalla kwana 30. Kada ka biya kuɗin tikitin da ba a mayarwa kafin biza ta fito. Ka sa ejan ya kama muku kujeru ya ba ka takardar jadawali, ka kama masaukin da ake iya sokewa kyauta, ka shigar da neman biza da wuri, domin lokacin fitowarta ba a hannunka yake ba. Gaskiya ne farashi yana iya ɗan hawa kafin ta fito, amma wannan ƙarin bai kai asarar tikiti huɗu ba.

Tambaya: Ni da ƙanwata muna da niyyar zuwa Cape Town bayan an ɗaura auren 'yata. Shekaruna sun ja, kuma ina fama da ciwon gwiwa. Shin mai irin lalurata za ta iya hawa dutsen? Kwana nawa ya ishe mu? Sannan ina da damuwa game da abincin halal da wurin salla, da kuma labaran da muke ji na far wa baƙi. Daga wata Hajiya a Kaduna.

Amsa: Hajiya, Allah ya sanya alheri a auren, ya kuma ƙara lafiya. Ciwon gwiwa ba zai hana ki ganin saman Dutsen Tebur ba. Tsayinsa ya kai kimanin mita 1,085, kuma masu ƙarfi suna hawansa da ƙafa ta wani kwazazzabo mai suna Platteklip, tafiyar awa biyu zuwa uku a kan matakalar duwatsu, wadda ban ba ki shawarar ko gwadawa ba. Tun 1929 akwai motar igiya da ke kai mutane sama, kuma irin wadda ake amfani da ita tun 1997 tana ɗaukar mutum 65, daɓenta yana juyawa a hankali domin kowa ya ga gari da teku da dutse, cikin kamar minti biyar an isa. A sama akwai hanyoyi shimfiɗaɗɗu da wuraren zama da gidan abinci. Ki tafi da rigar sanyi ko da a ƙasa ana zafi, domin saman dutsen ya fi gari sanyi sosai.

Abin da zai tsara muku kwanakinku shi ne iska. Akwai wata iska mai ƙarfi da ke tasowa daga kudu maso gabas, ta fi tsanani daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ita ce ke tura danshin teku sama ya zama farin gajimare ya lulluɓe kan dutsen, kuma idan ta yi ƙarfi ana tsayar da motar igiya nan take, ko da mutum ya riga ya sayi tikiti. Haka jirgin ruwan da ke zuwa tsibirin Robben, inda Nelson Mandela ya yi shekara 18 daga cikin 27 da ya yi a kurkuku, ana soke shi duk ranar da teku ta yi tsauri. Saboda haka kada ku ajiye dutsen sai ranar ƙarshe, kada kuma ku ɗaure shi da wata rana takamaimai. Duk safiyar da kuka leƙa taga kuka ga kansa a fili, ku ajiye abin da kuka shirya ku tafi can, tun da sassafe kafin layi ya yi tsawo. Tsibirin Robben ma ku kama tikitinsa a farkon zamanku, domin in an soke a sami ranar da za a mayar da ku. Wannan ne dalilin da ya sa nake ganin kwana uku bai isa ba ga wanda ya biya kuɗin jirgi daga Najeriya. Kwana shida ko bakwai shi ne daidai, a bar biyu daga ciki ba tare da an cika su da komai ba.

Rana guda cur ku ware ta domin zagaya zirin ƙasar da ya miƙa cikin teku kudu da birnin, domin a nan ne za ku ga yadda duwatsu suke gangarowa har cikin ruwa. Ana fita ta Camps Bay a bi gefen teku zuwa Hout Bay, daga nan a shiga hanyar Chapman's Peak, wadda aka sassaƙa a jikin dutse aka buɗe a 1922. Tsawonta kilomita 9 ne kacal amma kwanarta 114, ana biyan kuɗin shiga, kuma akan rufe ta idan ana tsoron gangarowar duwatsu bayan ruwa ko iska. Daga can sai Cape Point, inda wata ƙaramar mota mai bin dogo take kai masu rauni kusa da tsohuwar hasumiyar haske, a dawo ta Simon's Town a ga tsuntsayen fengwin a gaɓar Boulders. Ki kula da manyan birai a yankin Cape Point, suna fizge jaka idan sun ji ƙanshin abinci, kuma doka ta hana ba su komai. Masu yawon buɗe ido da yawa suna dawowa da cewa sun je ƙarshen Afirka, alhali wurin da ya fi ko'ina kudu shi ne Cape Agulhas, tafiyar sama da kilomita 200 daga birnin. Wajen lissafin kuɗi kuma, ku sani wuraren shaƙatawa na gwamnati suna da farashi hawa uku, na 'yan ƙasa, da na ƙasashen kudancin Afirka, da na sauran baƙi, kuma 'yan Najeriya a hawa na uku suke. Tuƙi a hannun hagu ake yi a can, don haka ku ɗauki direba na yini ko ku shiga motar masu yawon buɗe ido. A cikin gari Uber da Bolt suna aiki, akwai kuma jar bas mai buɗaɗɗen sama da ke tsayawa a tashar motar igiya da sauran manyan wurare.

Game da abinci da salla, hankalinki ya kwanta, domin Musulunci ya haura shekara 300 a wannan gari. Turawan Holan sun kawo Shehu Yusuf na Makassar daga ƙasar da ake kira Indonesiya yanzu a 1694, a matsayin wanda aka kora daga ƙasarsa, ya rasu a can a 1699. Bayansa aka kawo wani malami daga tsibirin Tidore da aka fi sani da Tuan Guru, aka tsare shi a tsibirin Robben, inda ya rubuta Alƙur'ani da ka. Shi ne limamin farko na Masallacin Auwal, wanda aka kafa a 1794 a unguwar Bo-Kaap, kuma shi ne masallaci mafi daɗewa a ƙasar. Unguwar tana gindin tudun Signal, gidajenta kala-kala, masallatai a kusa da juna, sai dai titunanta suna da gangara da duwatsun daɓe, saboda haka ki sa mota ta kai ki har ƙofa. Gidajen abinci da mahauta da manyan kantuna da dama suna rataye takardar shaidar halal, akasari daga Majalisar Malamai ta yankin, wadda aka kafa a 1945, kuma ba abin kunya ba ne ki nemi a nuna miki. Abincin Musulmin Cape ɗin akwai biryani da samosa da miyar kori mai ɗan zaƙi. Ku lura alƙibla a can ta fi karkata arewa, da ɗan jirkicewa zuwa gabas, kuma lokutan salla suna motsawa sosai tsakanin watanni: a Disamba rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe takwas na dare, a Yuni kuwa kafin ƙarfe shida an yi magariba. Agogonsu yana gaban namu da awa ɗaya.

Tsoron da kika ambata yana da tushe. An far wa baƙi 'yan Afirka a 2008 da 2015 da 2019, kuma a na 2019 har sai da kamfanin Air Peace ya kwaso ɗaruruwan 'yan Najeriya zuwa gida. Waɗannan tarzomomi sun fi shafar masu shaguna da ma'aikata mazauna unguwannin talakawa, ba masu ziyarar mako guda ba. Abin da ya fi kusa da baƙo shi ne ƙwacen waya da jaka da damfara a wurin na'urar cire kuɗi. Ku sauka a unguwanni irin su Sea Point ko Green Point ko Gardens, ko kuma Bo-Kaap ɗin kanta, kada ku yi yawo da ƙafa a tsakiyar gari bayan isha, gwala-gwalan biki kuma a bar su a Kaduna. Daga filin jirgi zuwa gari kimanin kilomita 20 ne, ku ce wa direba ya tsaya a kan babbar hanyar N2, ko da taswirar waya ta nuna wata gajeriyar hanya ta cikin unguwanni. Ruwan tekun ɓangaren yamma kuma yana da sanyi ƙwarai duk shekara saboda igiyar ruwan sanyi da ke bi ta gefen, wadda ake kira Benguela, in ƙanwarki tana son tsoma ƙafa, gaɓar Muizenberg ta fi ɗumi.

Tambaya: Wani da na haɗu da shi a WhatsApp ya ce zai samo mini tikitin Cape Town a rabin farashin kasuwa, har ya turo mini takarda mai ɗauke da sunana da lambar jirgi, yana jiran in tura kuɗi. Ta yaya zan gane ko na gaske ne? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka tura ko kwabo tukuna. Takarda mai suna da lambar jirgi ba tikiti ba ce. Duk mai damar shiga na'urar sayar da tikiti yana iya kama kujera da sunanka ba tare da ya biya komai ba, na'ura ta ba shi lamba mai haruffa da alƙaluma shida, kuma idan ka duba ta a shafin kamfanin za ka ga sunanka da ranar tafiya kamar komai ya kammala. Bayan kwana ɗaya ko 'yan kwanaki, tunda ba a biya ba, sai kujerar ta faɗi da kanta, a lokacin kuwa mutumin ya riga ya toshe lambarka. Tikitin da aka biya yana da wata lamba daban mai alƙaluma 13, waɗanda ukun farkonsu suke nuna kamfanin da ya fitar da shi. Ka ɗauki wannan lamba ka kira ofishin kamfanin jirgin, ko ka je da kanka a Kano ko Abuja, ka tambaya ko an fitar da tikitin kuma da wace hanya aka biya.

Ko da lambar ta tabbata, rabin farashi abin tuhuma ne, domin ribar ejan a kan tikiti ɗaya ba ta kai ya yafe maka rabi ba. Wasu suna saye da katin bankin da aka sace, kuma idan mai katin ya kai ƙara sai kamfani ya soke tikitin, wani lokaci bayan matafiyi ya riga ya isa can, ya rasa na dawowa, ga kuma tambayoyin jami'an tsaro. Idan rangwame kake nema a matsayinka na ɗalibi, wasu kamfanonin jiragen suna da tsarin ɗalibai na ragin kuɗi ko ƙarin kilo, wanda ake nema kai tsaye a shafinsu da katin shaidar makaranta. Ejan da za ka ba kuɗinka kuma ya kasance mai ofishin da za ka iya shiga, mai rajista da ƙungiyar ejan-ejan tafiye-tafiye ta Najeriya, NANTA, kuma kuɗin ya shiga asusun kamfani, a ba ka rasit mai ɗauke da lambar tikitin.